Babi na Bakwai: Allurar da Aka Tatso Daga Gawa

A shekarar 1958 wata mujallar likitocin homon a Amurka ta buga 'yar gajeriyar takarda daga wani likita na birnin Boston mai suna Maurice Raben. Labarin majinyaci ɗaya tak ta ƙunsa, wani saurayi ɗan shekara 17 da girma ya kusan tsaya masa cak, tsawon da yake ƙarawa a shekara guda bai wuce rabin inci ba. Raben ya riƙa yi masa allura sau uku a mako har wata goma. Da aka auna, sai aka ga saurin tsawonsa ya haura inci biyu da rabi a shekara. A yau idan mai bincike ya kai wa editan mujalla sakamakon mutum ɗaya, cewa za a yi ya koma ya ƙaro. Wannan takarda kuwa ta girgiza likitocin yara, domin an kusa shekara arba'in ana neman ganin wannan rana ana shan ƙasa. Abin da ke cikin sirinjin Raben daga kawunan matattu aka tatso shi.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane abin da ya kai likita ga gawa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can ciki bayan karan hanci, akwai wani ɗan ƙullin nama da bai fi ƙwayar wake ba, nauyinsa wajen rabin giram, yana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi. Likitoci na kiransa fituwitari. Duk ƙanƙantarsa, shi ke aika umarni ga ƙullin maƙogwaro, da maraina, da ma'ajiyar ƙwan mace, da nono lokacin shayarwa, ta hanyar sinadaran da yake zubawa a jini, wato homon. Ɗaya daga cikinsu shi ne homon girma. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya nuna a littafinsa na 1912 cewa idan ƙari ya sa ƙullin nan ya wuce gona da iri a jikin yaro sai ya zama ƙato na fitar hankali, idan kuma ƙullin ya lalace sai yaron ya tsumbure. A 1921 Herbert Evans da Joseph Long a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka niƙa fituwitarin shanu, suka yi ta ɗirka wa ɓeraye ruwansa, ɓerayen suka zama jibga-jibga. A 1944 kuma Choh Hao Li, haifaffen birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya tace homon tsantsarsa daga shanu a ɗakin gwajin Evans.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Insulin da aka samo daga shanu da aladu ya fara ceton masu ciwon sukari tun 1922, kuma mayankan Chicago ba su taɓa rasa kawunan shanu ba. Aka yi ta gwada homon shanu a kan yaran da suka tsumbure, shiru kake ji. Wasu suka ce tacewar ce ba ta yi kyau ba, wasu suka ce awon ne ya yi kaɗan. Amsar ta fito daga birai. A tsakiyar shekarun 1950 Ernst Knobil da Roy Greep a Harvard suka cire wa birai fituwitari, suka ba su homon shanu bai yi komai ba, suka ba su na biri ya yi aiki. Daga baya aka gane dalili. Homon furotin ne, sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Insulin alade da na mutum a wuri ɗaya kacal suka saɓa, shi ya sa jikin mutum ke karɓarsa. Homon girma na mutum sarƙa ce mai amino asid 191, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na jerinsa ya bambanta da na saniya. Jikin ɗan Adam ba ya amsa masa ko kaɗan. Duk mai son ɗan mutum ya yi tsawo, dole ya nemo homon mutum, kuma a wancan zamani wuri ɗaya ake samunsa.

Li da abokin aikinsa Harold Papkoff su suka fara ware homon girma na mutum a 1956, kuma sunan Li ne ya fi fita a littattafan kimiyya, ya kuwa cancanta. Amma a ganina rawar da Raben ya taka ta fi shafar rayuwar jama'a. Ya yi shekaru yana aiki da Edwin Astwood, gwanin tace sinadaran fituwitari, a asibitin da ke haɗe da Jami'ar Tufts, ya san sirrin sana'ar ciki da bai. Dabararsa ba ta da ado: a roƙi likitocin da ke binciken gawa su cire ƙullin su jefa a ruwan asiton, wanda ke tsotse ruwa da kitse ya hana ruɓa, a niƙa ya zama gari, a dafa a ruwan asid mai ƙarfi, sannan a bi shi mataki-mataki ana tacewa har a sami farin gari da za a iya narkarwa a yi allura da shi. Amfanin asiton shi ne ko asibitin da ke can nesa na iya tara ƙulli a kwalba ya aiko ba tare da ƙanƙara ba. Ga shi kuma Raben likita ne mai ganin majinyata, don haka garin da ya tace bai tsaya a kan kanta ba. A 1962 ma ya ba da rahoton wata mata 'yar shekara 35 da fituwitarinta ya lalace, wadda ta ji ƙarfin jiki da kuzari sun dawo mata bayan allurar. Mutane kaɗan ne suka kula da wannan a lokacin. Sai a 1996 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa ba manya masu ƙarancin homon.

Da labarin saurayin ya bazu, iyaye suka yi caa. Ƙulli ɗaya 'yan miligiram kaɗan yake bayarwa, yaro guda kuwa na buƙatar ƙulli gommai a shekara, kuma shekaru zai yi yana karɓa. Iyaye suka shiga bin asibitoci suna roƙon masu binciken gawa, masu bincike suka fara ribibi a junansu, aka fara tsoron kasuwar bayan fage. A 1963 aka kafa hukumar tara fituwitari ta ƙasa a Amurka da tallafin gwamnati, domin a tara a wuri ɗaya, a tace, a raba kyauta. A 1965 iyayen yaran suka kafa tasu gidauniyar, suna taimakawa wajen tarawa da jigila. Duk da haka bai isa ba. Sai yaron da aka shigar cikin wani bincike ake ba, wasu shekarun a yi masa na 'yan watanni a dakata, idan ya kai wani tsawo da aka ƙayyade a yanke masa a ba na baya. Birtaniya, Faransa, Kanada da Ostareliya duk suka kafa irin nasu tsarin. Daga baya ta fito fili cewa a wurare da dama an riƙa cire ƙullin ba tare da sanin dangin mamaci ba. A ƙasar Hausa, inda ake sallatar gawa a kai ta makwancinta cikin 'yan awoyi, kuma da wuya dangi su yarda a yanka ta, irin wannan shiri ko tashi ba zai yi ba.

Ƙarancin nan ya yi wa kimiyya wani amfani da ba a nufa ba. Tunda maganin ba ya isa, dole a tantance wane yaro ne da gaske ba shi da homon, domin yawancin gajerun yara lafiyarsu ƙalau, gado ne ko jinkirin balaga. A 1963 Seymour Glick da Jesse Roth, tare da Rosalyn Yalow da Solomon Berson a New York, suka samar da hanyar auna homon girma a jini. Nan take aka ci karo da abin mamaki: yaro lafiyayye ma idan aka ɗebi jininsa da rana tsaka, sau da yawa ba a ganin komai. Ashe ƙullin ba ya zubo homon a kai a kai, tsartuwa yake yi lokaci-lokaci, mafi girmanta kuwa jim kaɗan bayan barci ya yi nauyi, kamar yadda aka tabbatar a 1968. Shi ya sa har yau gwajin jini guda ba ya wadatarwa. Sai an tsokani ƙullin, misali a yi wa yaro allurar insulin sukarinsa ya faɗi a gaban likita, sannan a riƙa ɗiban jini ana duba ko ya amsa.

Wani abin kuma tun 1957 William Daughaday da William Salmon a birnin St. Louis suka hango shi. Sun zuba homon girma a kan guringuntsi a cikin kwanon gwaji, bai motsa shi sosai ba, amma ruwan jinin ɓeran da aka yi wa allurar homon ya motsa shi. Ke nan akwai ɗan aike a tsakani. Shi ne sinadarin da yanzu ake kira IGF-1, wanda hanta ce ke samar da mafi yawansa idan homon girma ya iso mata, shi kuma ya je ya sa guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa ya yi ta haihuwa yana zama ƙashi. Hujja a jikin mutum ta zo daga Isra'ila. Zvi Laron, likitan homon yara, yana da wasu majinyata 'yan gida ɗaya daga Yahudawan da suka taso daga Yaman, kamanninsu sak na masu ƙarancin homon. Da hanyar awo ta samu ya auna su, sai ya tarar homon ya cika jininsu maƙil. A 1966 ya wallafa wannan. Matsalarsu tana ga mai karɓar saƙon: jikinsu ba ya jin homon, hanta ba ta fitar da IGF-1, don haka ko an yi musu allurar Raben asara ce kawai. Cutar na ɗauke da sunan Laron har yau. Shekaru bayan haka Jaime Guevara-Aguirre ya gano kusan mutum ɗari masu ita a ƙauyukan kudancin Ikwado, kuma binciken da ya fitar a 2011 tare da Valter Longo ya nuna da ƙyar ake samun ciwon daji ko ciwon sukari a cikinsu. Masu binciken tsufa na nan suna ta tono a wannan wuri.

Raben ya rasu a 1977, bai ga abin da ya biyo baya ba.

A 1984 wani saurayi ɗan shekara 20 a Kalifoniya, wanda ya yi shekaru yana karɓar allurar tun yana ƙarami, ya fara jiri da tangaɗi, magana ta sarƙe masa, hankali ya gushe, cikin 'yan watanni ya cika. Binciken ƙwaƙwalwarsa ya nuna cutar Creutzfeldt-Jakob, wadda ke mai da ƙwaƙwalwa huji-huji, ba ta da magani, kuma a shekara kusan mutum ɗaya cikin miliyan take kamawa, galibi dattawa. Me ya haɗa ta da ɗan shekara 20? Likitansa na yarinta, Raymond Hintz na Jami'ar Stanford, bai bar abin ya wuce a matsayin tsautsayi ba. A farkon 1985 ya rubuta wa hukumomi cewa yana zargin allurar. Aka bi sawun sauran waɗanda aka yi wa, aka sami ƙarin biyu. A watan Afrilu aka dakatar da rabon maganin a Amurka, Birtaniya ta bi sahu.

Gobara daga kogi ke nan. Tsarin da aka kafa don adalci, wato tara dubban ƙulli a tace su tare, shi ne ya yaɗa cutar, domin ƙulli ɗaya daga gawar mai ɗauke da ita ya isa ya gurɓata rukuni guda. Abin da ke jawo ta kuma ba ya mutuwa da dafuwa ko magungunan kashe ƙwayoyin cuta na yau da kullum. Wani furotin ne da ya naɗe ba daidai ba, yana bin 'yan uwansa yana lanƙwasa su. Stanley Prusiner ya raɗa masa suna firiyon a 1982, mutane da yawa suna masa dariya, sai da ya karɓi kyautar Nobel a 1997. Cutar na iya kwanciya a jiki fiye da shekara talatin kafin ta tashi. Yara kusan 7,700 aka yi wa allurar ta hannun hukumar Amurka, a Birtaniya 1,848. Ƙidayar da aka fitar a 2012 ta nuna mutum 226 sun kamu a duniya: 119 a Faransa, 65 a Birtaniya, 29 a Amurka, saura a wasu ƙasashe.

Shin akwai mai laifi? Ba na jin za a ɗora wa Raben komai, domin a 1958 babu wanda ya san cutar na iya tsallakawa daga jiki zuwa jiki, sai a 1968 aka nuna hakan a jikin biri. Amma bayan nan uzuri ya fara ƙaranci. Tun 1976 Alan Dickinson, mai binciken wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki a Edinburgh, ya ja kunnen hukumar binciken lafiya ta Birtaniya. A 1996 wata kotu a Landan ta yanke cewa an yi sakaci game da yaran da aka fara yi wa allurar bayan tsakiyar 1977. A Faransa an gurfanar da likitoci da jami'ai a Faris a 2008, kotu ta wanke su a 2009, iyaye suka fita suna kuka. A Amurka kuwa sa'a ce ta yi aiki: a 1977 aikin tacewa ya koma hannun Albert Parlow a Los Angeles, wanda ya ƙara wani mataki don ya sami homon mai tsabta, kuma har zuwa waccan ƙidaya ba a sami mai cutar ba cikin waɗanda suka fara karɓa bayan nan.

Da bala'in ya zo shekara goma kafin lokacin, da dubban yara sun rasa tudun dafawa. Amma ƙarancin da aka yi ta kuka da shi ya riga ya jawo hankalin wani sabon kamfani a San Francisco, Genentech. A 1979 David Goeddel da Peter Seeburg da abokan aikinsu suka dasa ƙwayar gadon homon girma na mutum a cikin bakteriyar E. coli, ta shiga ƙera shi. Ana cikin gwajinsa a kan yara, har da Hintz cikin masu gwajin, labarin cutar ya ɓulla. A watan Oktoba na 1985, wata shida bayan dakatarwar, hukuma ta amince da shi da sunan Protropin. A 1987 kamfanin Eli Lilly ya fito da Humatrope, mai amino asid 191 daidai da na jiki.

Daga nan matsala ta juya. Da ana tambayar wane yaro za a hana, yanzu kuma wa za a sayar wa. Masu ƙarancin homon na gaskiya ba su da yawa, wajen yaro ɗaya cikin dubu huɗu zuwa dubu goma, kuma a gare su maganin alheri ne tsantsa. Wanda duniya ta fi sani shi ne Lionel Messi. Likitan homon Diego Schwarzstein ya gano masa matsalar a garinsu Rosario na Ajantina tun bai kai shekara goma sha biyu ba, yana yi wa kansa allura kowane dare, kuɗin ya fi ƙarfin gidansu, ƙungiyar Barcelona ta ɗauki nauyi, ya koma can a 2001. Ya tsaya a mita 1.70. Amma kasuwa ba ta tsaya kan irinsu ba. A 1990 Daniel Rudman ya wallafa gwajin da ya yi wa dattawa 12 na wata shida, tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu, sai masu asibitocin hana tsufa suka cafe suka mai da shi talla, duk da kumburin gaɓoɓi da hawan sukari da aka gani a gwaje-gwajen da suka biyo baya. 'Yan wasa suka shiga yi a ɓoye har aka haramta. A 2003 Amurka ta yarda a riƙa ba gajerun yaran da ba a gano musu wata cuta ba, alhali abin da suke ƙarawa bayan shekaru ana huda su 'yan santimita ne. Ni dai ban gamsu cewa gajarta ita kaɗai ciwo ce ba.

Mai karatu a Arewa zai iya tambaya ko wannan allura ce maganin tsumburewar da ta yi mana katutu. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun gaza tsawon shekarunsu, a Arewa maso Yamma kashi 57. Amsar ita ce a'a, kuma aikin Daughaday ne ya bayyana dalili. Yaron da abinci mai gina jiki bai ishe shi ba, ko gudawa da zazzaɓi suka yi ta kayar da shi, homon girmansa sau da yawa sama yake, hantarsa ce ta ƙi fitar da IGF-1 saboda babu abin da za a yi ginin da shi. Sikila da ciwon ƙullin maƙogwaro ma na hana girma, kuma wadan da ke da gajerun hannuwa da ƙafafu da babban kai tasa matsalar a ƙashi take. Mai ƙarancin homon daban yake: sassan jikinsa sun dace da juna, fuskarsa ta ƙaramin yaro, sau da yawa da ɗan tumbi da ƙiba, basirarsa lafiya lau, amma a shekara ba ya ƙara ko santimita huɗu. Ana gane shi ne ta awon tsawo a kai a kai da hoton ƙashin hannu, kafin a kai ga gwajin jini. Lokaci kuma ƙayyadadde ne, domin da balaga ta kammala bakin ƙashi ya rufe, babu allurar da za ta ƙara ko inci ɗaya. Ƙwayoyin ƙara tsawo da ake tallatawa a intanet kuwa damfara ce, tunda homon furotin ne, idan aka haɗiye shi ciki narkar da shi zai yi.

Su kuwa waɗanda aka yi wa allurar gawa, yanzu yawancinsu sun haura hamsin, kuma har yau ana bibiyarsu. A Birtaniya ba a karɓar jininsu a asibiti. A 2015 John Collinge da tawagarsa a Landan suka duba ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu da cutar Creutzfeldt-Jakob ta kashe, suka tarar da tarin wani furotin na daban, irin wanda ake gani a cutar mantuwa ta Alzheimer, a shekarun da bai kamata a gan shi ba. Suka nemo tsofaffin kwalaben maganin da aka ajiye, suka sami furotin a ciki, suka yi wa ɓeraye allura, ya yaɗu a ƙwaƙwalwarsu. A watan Janairu na 2024 suka ba da rahoton mutum biyar cikin waɗanda aka yi wa allurar suna yara, da alamun cutar mantuwa suka bayyana musu tsakanin shekara 38 da 55.